Dandalin Soyayya da Kewar Yaya

Littafin ba nawa ba ne, wanda ya ara mini ma ba nasa ba ne. Wani ɗan ajinmu ya samo shi wurin yayansa da ya yi karatu a Jami'ar Bayero ta Kano. Fotokofi ne na fotokofi, an ɗinke shi da baƙin zare, wasu shafukan sun yi duhu kamar an goga musu gawayi, hotunan ciki kuwa sai dai ka yarda da abin da aka rubuta a ƙarƙashinsu. Sunansa Signal and Noise, wani malamin nazarin al'umma mai suna Brian Larkin ya rubuta shi, ya fito a 2008. Da Ingilishi yake, ku kuwa kun san Ingilishinmu na nan, na lise ne, bai wuce gaisuwa da amsa jarrabawa ba. Wata guda da rabi na yi ina fama da shi, ƙamus a gefe, wani shafin sai na karanta sau uku. Da littafin darasi ne wallahi da tuni na mayar wa mai shi. Abin da ya riƙe ni shi ne, ina cikin karatu sai na riƙa ganin tsakar gidanmu na Zango.

Larkin ya zauna a Kano a shekarun 1990, ya bi tarihin yadda Hausawa suka fara kallo. Ya faro daga majigi, motar da Turawan mulkin mallaka ke yawo da ita gari gari suna haska wa talakawa finafinan tsafta da noma da girman Sarkin Ingila. Ya zo kan gidajen silima da Kwarori suka gina, na farkonsu Rex a 1937, a wajen ganuwa, don mutanen cikin birni suna ganin silima wurin ƴan iska ne. Sannan ya shiga maganar finafinan Indiya, waɗanda su dai Kwarorin suka fara shigo da su tun shekarun 1950, samarin Hausa suka rungume su har suka raɗa wa jarumansu sunaye: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. A ganinsa abin da ya ja samari shi ne sun ga mutane masu kunya, masu jin maganar iyaye, amma soyayya ta sa su a tsaka mai wuya, ana son a yi musu auren dole. Sun ga damuwarsu a jikin wasu, ba tare da sun zama Turawa ba.

Babin da ya fi kama ni shi ne na kasuwar Ƙofar Wambai, inda ake kwafar kaset daga kaset. Ya ce a wannan hanyar hoto yana dusashewa, launi yana zuba, murya tana shaƙewa, kuma mutane da yawa a haka suka san fim, ba su taɓa ganin mai tsabta ba. Na ɗaga kai na dubi shafin da ke hannuna, wanda shi ma rabin haruffansa sun narke, sai dariya ta kama ni. Wannan ɗan littafin namu da kuke riƙe da shi ma ai ɗan gidan ne.

A gidanmu tele ɗaya ce, a ɗakin matar kawuna take, ita ce aka kawo wa da bidiyo cikin kayan aure. Bayan isha'i ake fito da ita bakin ƙofa a ɗora kan tebur, a shimfiɗa tabarmi biyu. Matan gida, ƴanmatan maƙwabta, da mu yara a gaba har sai an ce mu ja baya kada idonmu ya lalace. Ni ce ƴar aike. Yaya za ta ƙulle mini dala goma a bakin hijabi ta ce in je shagon haya in karɓo kashi na biyu, in kuma an riga an ɗauka in tambayi gidan da aka kai. Sau da yawa sai in dawo da labarin cewa yana gidan su wance, sai gobe. Ranar nan Yaya ba ta cin tuwo da daɗi. A lokacin kaset ya fara ja baya, faifan sidi ya shigo, shi kuma ga saurin karcewa. In ya tsaya, a daidai wurin da yarinya za ta ba da amsa yake tsayawa, fuskarta ta farfashe gida gida. Sai a fiddo shi a huhhura, a goge da bakin zane, wata ta ce a wanke da omo, wata ta ce man goge baki ya fi. In kuwa kuran ne ya tafi, sai ka ji tsakar gida ta ɗauki salati baki ɗaya kamar an yi rasuwa.

Baba ba ya son abin. Bai hana ba, amma in ya shigo ya tarar ana waƙa sai ya yi gyaran murya, Yaya ta yi wuf ta rage sauti, kowa ya sunkuyar da kai kamar ba shi ke kallo ba. Yana shiga ɗaki a mayar. Daga baya na gane ba shi kaɗai ba ne: a Kano ma malamai sun yi ta wa'azi kan rawa da waƙar, har gwamnatin jihar ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, bayan dawo da shari'a.

Finafinan da muke kallo wasu sun girme ni. Sana'ar ta faro a Kano da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino littafi ne tun farko kafin ya zama fim. Amma wanda ya buɗe ƙofar da ba ta sake rufuwa ba shi ne Sangaya na kamfanin Sarauniya, a daidai shigowar shekara ta 2000, Ali Nuhu yana yarima, Fati Muhammad tana Zubaina, baiwar gidan sarauta. Wasila ya biyo baya. Daga nan kowane fim sai da waƙa, sai da fiyano, sai da saurayi da budurwa suna zagaya bishiya sun canza kaya sau huɗu kafin baiti ya ƙare. Yaya tana da shekara biyar Sangaya ya fito, amma ta haddace shi kamar don ita aka yi. Ranar da Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota, 1 ga Janairun 2007, an ce ƴanmatan layinmu har kuka suka yi. Ni ban tuna ba, ina ƙarama sosai, amma Inna har yau tana yi wa Yaya tsiya da shi.

A Najeriya sunan sana'ar Kannywood, sunan da aka ƙirƙira a mujallar Tauraruwa a 1999, ana kwaikwayon Hollywood da Bollywood. Mu a Nijar ba haka muka kira ta ba. Dandalin soyayya muka ce, finafinan da waƙoƙin duka. Tun ina aji ɗaya a jami'a nake ta juya wannan suna a raina, don a ganina ya fi na Kano faɗin gaskiya. Na tambayi Inna mene ne dandali a zamaninsu. Ta ce fili ne, in an yi farin wata ƴanmata su fito da kwalliya, makiɗi ya zo da kalangu, a yi gaɗa, samari su tsaya gefe suna kallo, wanda ya ga wadda ta yi masa ya aika a kira ta. Akwai sarkin samari mai tsawatarwa. A zamanin Janar Seyni Kunce gwamnati ta ɗauki samariya ta mayar da ita ƙungiyar ƙasa baki ɗaya, ana wasanni ana gasa tsakanin unguwanni. Kafin Yaya ta tasa duk wannan ya watse a cikin gari. Budurwar kirki ba ta fita rawa, sai Islamiyya da talla da gida. To sai ga dandali ya dawo cikin akwati, ana ɗora shi kan tebur bayan isha'i. Wanda ya fara kiransa dandalin soyayya ya ga abin da ya faru tun kafin masana su rubuta.

A Amurka akwai wani nau'in fim da suke ware wa masu shekara 13 zuwa 19, har littattafai ake rubutawa kan tarihinsa; ko a 2025 wani marubuci Bruce Handy ya fitar da ɗaya mai suna Hollywood High. Tushen abin shi ne bayan yaƙin duniya na biyu yawancin yaransu sun zauna makarantar sakandare har su gama, ga kuɗin kashewa, wasu har da mota. Sai aka sami shekaru biyar ko shida da mutum ya wuce yaro, bai zama magidanci ba, kuma yana da abin sayen tikiti. Masu fim suka ga kasuwa. James Dean ya fito a Rebel Without a Cause a 1955, John Hughes ya yi The Breakfast Club a 1985, inda ɗalibai biyar ke zaman horo a makaranta ranar Asabar suna faɗa wa juna damuwarsu. Irin waɗannan finafinai ba da aure suke ƙarewa ba. Da bikin gama makaranta suke ƙarewa, kowa ya kama hanyarsa, rayuwa tana gaba.

Su suna da kalma guda ta wannan rukuni, don lambobinsu daga 13 zuwa 19 duk da sauti ɗaya suke ƙarewa, sai suka ɗauki sautin suka yi suna da shi. Wata rana a aji muka gwada yi wa Hausa irin wannan dabara. Namu lambobin da sha suke farawa: sha uku, sha huɗu, sha biyar. Wani ya ce to a ce ƴan sha. Aka ce a'a, za a ɗauka mashaya ne. Wata daga baya ta ce a ninka shi kawai a ce shashasha, ai dama haka iyaye ke kiranmu. Har mushe sai da ya dara.

Wasa ne, amma akwai magana a ciki. Hausa ba ta ƙirga samartaka da shekaru. Muna da yaro da yarinya, muna da saurayi da budurwa, daga nan sai ango da amarya. Ku duba kuma: saurayi yana nufin matashi, yana kuma nufin wanda ke neman ki. Budurwa tana nufin wadda ta tasa, tana kuma nufin wadda kake nema. Kalma ɗaya ta ɗauki shekarun da neman auren tare, kamar harshen bai ga dalilin raba su ba. Wanda ya daɗe bai yi ba a ce masa tuzuru, wadda ta yi ta fito a ce bazawara ko da shekararta 17. Awon duka aure ne. Shi ya sa fim ɗin samarinmu ba shi da wani ƙarshe sai ɗaurin aure. In ƴanmata biyu ke son yarima, marubuci ba ya wahalar da kansa, wani lokacin sai ya aura masa su duka a huta. Ana guɗa sai rubutu ya hau, an gama. Ban tuna wani fim da muka kalla a tabarmar nan da ya bi amarya ya ga me take yi da ƙarfe biyar na asuba bayan wata shida ba, sai dai in kishiya za a yi mata, shi kuma wani labarin ne.

Alƙaluman UNICEF sun ce a Nijar kashi 76 cikin 100 na mata ana yi musu aure kafin su cika 18, babu ƙasar da ta kai mu. Yaya tana cikinsu. Shekararta 16, a 2011, ni ina da takwas. Ba auren dole ba ne, kada ku ɗauka irin na fim ne, an tambaye ta ta sunkuyar da kai, mijin kuma mutumin kirki ne har yau. Ta faɗi jarrabawa a kwaleji aka kore ta, zaman gida kuma ba a barin budurwa ta daɗe a cikinsa. Abin da na fi tunawa a bikin shi ne waƙoƙin dandalin soyayya da aka saka a lasifika tun safe, ƙawayenta suna rawa, ita tana ɗaki an lulluɓe ta ba ta ga komai ba. Aka kai ta Mirya. Tele tana nan, ana ci gaba da fito da ita, amma ba wanda ya sake ƙulle mini dala goma a hijabi. In na lissafa, budurcin Yaya gaba ɗaya bai kai shekara uku ba, kuma mafi yawan abin da ta sani na hira da saurayi da zaɓi da jan aji, a kan tabarmar nan ta gan shi.

Maza nasu daban ne, su suna da gidan kallo da fada, kuma samartakarsu ba ta gajarta, tsawo ma take yi fiye da yadda suke so, don babu aikin da za a yi aure da shi. Su an ɗan yi fim a kansu. Tun 1966 Mustafa Alasan ya yi Le Retour d'un aventurier: wani ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye. A 2021 kuma Aisha Macky, ƴar garin nan, ta fitar da Zinder, ta shiga Kara-Kara wurin samarin pale masu ɗaga ƙarfe da masu fasa ƙwaurin mai. Na kalle shi sau biyu, kuma ina ganin duk ɗalibin da ke garin nan ya kamata ya gani. Shekara 55 ke tsakanin finafinan biyu, amma a duka za ka ga saurayi yana aron suna da tafiya daga wani wuri mai nisa don a san yana nan. Ƴanmatan tabarma su ma aro suke yi, sai dai nasu ba ya fita waje, ba mai kyamarar da ya bi shi.

Abin da kunnena ya fi kamawa, tunda shi nake karanta, shi ne harshe. Tsakaninmu da Kano kusan kilomita 240 ne, amma mu lakwal muke zuwa su makarantar boko, mu kuran su nepa, mu likita muke kwana su asibiti, mu jika su dubu. Mu ce lahiya, mu ce mishi. Sai ga shi in za a yi maganar so, bakin ɗan Damagaram yana karkata kudu. Ina aji uku a kwaleji wani yaro ya ba ƙanena takarda ya kawo mini. Yaron nan kullum ina jin sa yana ciniki a kasuwar Dole da Hausar gidansu tsantsa, amma a takardar Bakano ne sak, har da filis da sori, har da kalmomin da na san fim ɗin da ya tsinto su. Ban amsa ba, dariya ma na yi, Allah ya yafe mini. Yanzu da na girma nake ganin ba shi da laifi. Da wace Hausa zai faɗa? Ta gida kunya ta cika ta, ba a taɓa jin Baba ya kira sunan Inna ba balle ya ce yana son ta. Faransanci kuma na darasi ne, in ka yi kuskure a ja maka jan biro. Fim ya ba mu wata riga ta magana da za ka sa ka faɗi abin da ke ranka, in an yi maka dariya ka ce ai wasa kake.

Namu zamanin ya zo da waya. Ina da shekara 14 Mansoor ya fito, a 2017, Ali Nuhu ya ba da umarni, Umar M. Shareef da Maryam Yahaya suka fito, sababbin fuskoki. Wurin masu turi muka samo shi, aka zuba mana a katin waya. Sai finafinan Indiya na fassarar Algaita, inda jarumin Indiya ke zagi da Hausar Kano. Sai Labarina da Izzar So. Hoto garau, babu karcewa, babu jiran gidan su wance. Amma ni da ƙawata ɗaya muka kalli Mansoor, kunne ɗaya ita kunne ɗaya ni, cikin bargo don kada a gani. Yanzu ko wannan babu, kowa da wayarsa.

Kwanan nan na lura ƴan ajinmu sun shiga tuna baya. Wanda aka haifa a 2004 zai saka waƙar fim ɗin 2002 a wayarsa ya rubuta cewa da can an yi rayuwa. Ni ma ina yi. Sai na ce bari in gwada kaina, na nemo Sangaya a YouTube na zauna ni kaɗai da niyyar in ji abin da nake ji da. Gaskiya? Minti ashirin na yi na fara duba saƙonni. Sauti yana hawa yana sauka, fage ɗaya sai a ja shi kamar ba za a tashi ba, fiyanon nan da nake jin kamar daga sama yake sauka ashe ƙara ce siririya. Ban ce fim ɗin ba shi da daraja ba, mutanen da suka yi shi da ɗan abin hannunsu suka kafa sana'ar da ta ciyar da dubbai. Amma abin da na je nema ba ya ciki.

Kalmar da Faransawa ke cewa nostalji wani ɗalibin likitanci ne ya ƙirƙiro ta a 1688, Johannes Hofer, sa'anmu ne a lokacin. Ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, komawa gida da ciwo, don ya ba da suna ga cutar da ke kama mutanen Suwizalan in sun yi nisa da garinsu. Tasu kalmar wuri take nema. Mu muna da bege, muna da marmari, muna da kewa. Marmari na abin da baki ko ido ya daɗe bai samu ba ne, kamar mangwaro a lokacin sanyi. Bege ya fi nauyi, shi ya sa masu yabon Annabi suka riƙe shi. Kewa kuwa gurbi ce, wurin da mutum yake zama ya tashi. In aka ce gida ya yi kewa, kowa ya san wani ne ba ya nan. Da na kashe YouTube ɗin nan na gane marmarin fim na ɗauka ina yi, alhali kewa ce, kuma na san ta wa.

Littafin Larkin na Kano ne, can ya zauna, can ya yi tambayoyinsa, kuma namiji ne baƙo, ba zai shiga tsakar gida bayan isha'i ba. Ban ga laifinsa ba. Amma namu ɓangaren fa? Wa ya kawo kaset na farko Damagaram, ta Magarya ko ta Matamai? Su wa ke da shagunan haya a Birni da Zango da Sabon Gari, ina suka koma da waya ta kashe sana'ar? Kwalin faifan matar kawuna an zubar da shi shekara uku da suka wuce, yara sun yi ta wasa da su suna haska wa juna rana a ido. Mutanen da suka san amsa suna nan da ransu, mafi yawansu ko arba'in ba su kai ba, ba wanda ya tambaye su don ba a ɗauke shi tarihi ba. Mu da ake koya wa ɗaukar murya da rubuta ta, muna ta neman tsofaffi masu tatsuniya a ƙauye, yayyenmu suna gida.

Shi ya sa hutun da ya wuce na hau mota na tafi Mirya da waya cike da caji. Na tarar da Yaya tana tankaɗe, na goye yana barci a bayanta, shi ne na biyar. Babbar ɗiyarta, mai shekara 13, ta karɓi jakata.

Na ce, “Yaya, aiki aka ba mu a lakwal, tambayoyi zan yi miki kan dandalin soyayya.”

Ta dube ni ta ce, “Yanzu abin da ake koya muku a jami'ar ke nan? Baba ya sani?”

Na kunna mata Sangaya, wanda na sauke tun daga gari. Na zaci za ta yi shiru, ko idonta ya kawo ruwa, har na shirya yadda zan rubuta shi. Sai ta fashe da dariya. Ta ce dubi ɗan siririn wuyan Ali Nuhu, dubi ɗaurin ɗankwalin nan, wai mu da har kwaikwayonsa muke yi. Ta kira maƙwabciyarta ta katanga, ita ma ta zo da tsintsiya a hannu. Kafin a jima mu shida ne a kan waya ɗaya, an jingina ta da turmi. Suna faɗin magana kafin ƴan wasan su faɗa. Suka yi gardama kan ko wace ce ta fara sayen irin mayafin a layinsu. Maƙwabciyar ta ce ita a Tanut ta gan shi, da batirin mota, don garinsu babu kuran a lokacin.

Na tambayi Yaya me ta fi kewa a wancan zamanin. Ta ci gaba da tankaɗe, ta ce, “Zaman. Ka gama aikinka ka zauna, ba mai kiranka.” Ta ɗan yi shiru ta ƙara da cewa, “Da ke, in kin dawo da gudu kina haki kin ce an kai gidan su wance.”

Ɗiyar tata tana gefe, rabin hankalinta a kan fim ɗin, tana cewa wai me ya sa hoton ya yi hazo haka. Tana aji biyu a kwaleji. Na tambayi Yaya a hankali ko an fara magana. Ta ce dangin uban sun fara, wata gwaggo ta zo har sau biyu. Na ce to me kika ce? Ta ce, “Na ce musu ga ƙanwata can ta haura ashirin tana karatu, ba ta mutu ba.” Maƙwabciyar ta ce ai ba a gama ba tukuna, Yaya ta ce ta sani.

Ana cikin haka wayar ta yi ƙara ta mutu, na manta ina ɗaukar murya da kallo a lokaci ɗaya, kuran kuma tun azahar babu. Yarinyar ta ce kash, to ya aka yi da Zubaina? Yaya ta ajiye rariya, ta gyara goyonta, ta ce mata ta matso. Ta ɗauko daga inda aka tsaya, tana yin muryar yarima tana yin ta baiwa, in ta zo wurin waƙa maƙwabciyar ta karɓa mata a hankali don maigidan yana zaure. Ba ni da abin ɗauka, biro ma yana cikin jaka a ɗaki, ban tashi na ɗauko ba.